Suna Dabam, Aiki Dabam

Ni mutumin Dusuman ne, kusa da Maiduguri. Muna yara, in ruwan Ngadda ya malalo fadamar Jere inda ake noman shinkafa, mukan shiga mu raba kanmu gida biyu, mu yi ta jifa da busasshen gora. Ashe Turawa ma suna da irin wasan, ƙwallon ruwa. Mutum bakwai-bakwai ne, da hannu ɗaya ake jifa, ƙafa kuwa ba ta taɓa ƙasa.

Kwanan baya ina shirin darasin gwajin koyarwa, sai na iske hoton wani saurayi yana fitowa daga ruwa, jini na zuba gefen idonsa. Sunansa Ervin Zádor, mutumin Hangari. Ran 6 ga Disamba 1956 ƙasarsa ta kara da Rasha a wasannin Olamfik na Melbon, wata guda bayan tankokin Rasha sun murƙushe boren Budapest. Hangari ta ci 4 da 0, biyu daga ciki nasa ne. Ana gab da tashi wani Barashe ya naushe shi, aka ɗauki hoto, ya zaga duniya.

Har na ƙudurta da shi zan buɗe darasin. Da na ƙara karatu sai na ga ashe cikin ruwan nan akwai Dezső Gyarmati. Shi sau 5 ya je Olamfik, bai taɓa komowa hannu wofi ba: azurfa a 1948, zinariya a 1952 da 1956 da 1964, tagulla a 1960. Sa'an nan ya zama mai horarwa, yaransa suka ci zinariya a 1976. Amma ni sai ran nan na fara jin sunansa.

To, nan na tuna gida. Akwai wani wanmu wanda ya koya mana iyo ɗaya bayan ɗaya, yana tallafe da haɓarmu, ya kuwa taɓa ciro ni na sha ruwa. In muka taru hira ba mu ambatonsa, sai yaron da goshinsa ya fashe ran wasa, shi muke ta dariyar tunawa. Kunya ta kama ni.

Ban rage wa Zádor kome ba. Ya koma Amurka, ya koyar da iyo har ya rasu a 2012, Gyarmati ya bi shi a 2013. Amma suna yakan bi mai kai labari ne. Da ba don waƙar Ɗan Anace ba, mu nawa za mu san Shago?

'Yan'uwa, gobe mu ne masu kai labari cikin aji. Na nuna wa yara hoton, amma na rubuta sunan Gyarmati a allo. In an yi hutu kuma, zan je in gai da wan nan namu.