Daren da Muka Ƙaryata Baffa

Majalisarmu tana kan dakalin ƙofar gidan kakanninmu, a wani lungu tsakanin kasuwar Kurmi da Ƙofar Mata. Mu bakwai ne, 'yan uwa da abokan tasowa, kuma kusan dukkanmu sa'o'in Kano Pillars ne, domin wajen 1990 aka haife mu, shekarar da aka kafa ta. Mun girma muna biyan kuɗin shiga gidan kallo don Arsenal da Barcelona, idan Pillars tana wasa kuma mu taka zuwa filin Sani Abacha. A ganinmu daga nan ƙwallon Kano ta fara.

Baffa, ƙanen mahaifin uku daga cikinmu, tela ne da ya tsufa a kan keken ɗinki har idonsa ya gaza. Bayan sallar isha'i yakan shimfiɗa buzunsa a bakin zaure yana jin musunmu, ba kasafai yake sa baki ba. Wani dare a 2014, Pillars ta ci lig karo na uku a jere, muna ta cika baki cewa Kano ba ta taɓa ganin irin wannan ba, sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Yara, kun san Raka?"

Muka kalli juna. Ya ce Raccah Rovers yake nufi, ƙungiyar Kano da ta ci lig ɗin Najeriya a 1978, tun iyayenmu mata ba su yi aure ba. Ya ƙara da cewa a shekarar nan ya je Kaduna da ƙafarsa ya ga Pele ya buga da Raka.

Dariya muka yi, har da masu riƙe ciki. Wani cikinmu ya ce, "Haba Baffa, Pelen Brazil ko dai wani Pelen Fagge?" Mu biyu da muke aikin rubuta manhajar kwamfuta muka zaro waya, muka nuna masa cewa Pele ya yi ritaya a watan Oktoban 1977 a ƙungiyar Cosmos ta New York. Ta yaya wanda ya ajiye ƙwallo a 1977 zai buga a Kaduna a 1978? Maganar lig ɗin mun yarda, don mun gan ta a jerin zakaru, layi ɗaya tal. Maganar Pele kuwa muka ce tsufa ne ya haɗa masa labari biyu.

Bai yi musu ba. Ya naɗe buzunsa ya ce, "To, Allah ya ba mu alheri," ya shige gida. Daga ranar bai sake yi mana maganar ƙwallo ba. Shekara takwas, kuma ba mu ma lura ba.

Ranar 29 ga Disamba 2022 Pele ya mutu. Kwana biyu bayan haka, ana ta yaɗa tsofaffin hotunansa a intanet, ɗaya daga cikinmu ya turo wani hoto zauren WhatsApp na majalisa. Pele ne sanye da rigar Fluminense, ƙungiyar birnin Rio da bai taɓa zama ɗan wasanta ba. Bayanin ya ce a watan Afrilun 1978 Fluminense ta zo rangadi Najeriya, Pele shi ma yana ƙasar, aka sa shi ya buga musu wasan sada zumunta ranar 26 ga wata a Kaduna. Sun ci biyu da ɗaya. Abokan karawar su ne Raccah Rovers ta Kano.

An daɗe babu wanda ya rubuta komai a zauren. Can wanda ya yi maganar Pelen Fagge ya rubuta, "Yau sai mu je wajen Baffa."

Mun same shi a ɗakinsa, domin sanyin hunturu ya hana shi fitowa zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi, babbanmu ya ce, "Baffa, mun zo neman gafara. Maganar Pele gaskiyarka ce." Mun zaci zai kawo mana karin maganar nan ta babba da yaro da hawan rimi. Tambaya kawai ya yi: "A wayar kuka gani?" Muka ce e. Ya ce, "To ai shi ke nan, tunda ita ta faɗa." Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Sai da muka yi sati muna zuwa da shayi da ƙosai kafin bakinsa ya buɗe. Abin da ya fara gyara mana shi ne tunaninmu cewa Raka ce farko. Ya ce tun yana yaro yake jin manya suna labarin 1953, lokacin da tawagar Kano ta je Legas ta doke Dynamos da ci biyu da ɗaya, ta ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. Tun da aka fara gasar a 1945 kofin bai taɓa barin Legas ba sai a hannun Kanawa. Muka duba, haka ne. Wannan karon ba mu nuna masa wayar ba.

Sannan ya shiga bayanin yadda ƙwallo take kafin a mayar da ita sana'a. Lig na ƙasa ya fara ne a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara ci. Yawancin manyan ƙungiyoyin lokacin na kamfanoni ne ko na hukumomin gwamnati, sunayensu ma sun nuna: IICC ta Ibadan, Bendel Insurance ta Benin, a nan Kano kuma WRECA ta hukumar ruwa da Bank of the North ta banki. Ɗan wasa ma'aikaci ne a takarda, sunansa yana cikin masu karɓar albashi a ofis ko ma'aikata, ƙwallo kuma ita ce dalilin da aka ɗauke shi. Sunan Raccah kuwa tsohon suna ne a cinikin gyaɗar Kano, na wani attajiri da ya zo daga Turabulus. Baffa ya ce za ka iya ganin wanda ya ci ƙwallo ranar Asabar yana cinikin atamfa a Kantin Kwari ranar Litinin, ka tsayar da shi ku gaisa, ka ma yi masa faɗa a kan ƙwallon da ya ɓarar.

Don mu gane nauyin 1978, ya ce mu dubi waɗanda Raka ta sha gabansu. Rangers ta Inugu ta ci lig a 1974 da 1975 da 1977, ta kuma ci kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1977. IICC ta ci lig a 1976, ta ci wannan kofin na Afirka a shekarar. A tsakiyar waɗannan giwaye ƙungiyar Kano ta ɗaga kai ta zo ta ɗaya, ta kuma wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka a 1979. Bayan ita, shekara talatin cif Kano ta yi tana jira, sai 2008 Pillars ta dawo da kofin lig.

Labarin Kaduna ya bari a ƙarshe. Ya ce kuɗin ɗinkin riguna biyu ya tara, ya rufe shago, ya faɗa wa mahaifiyarsa, wato kakarmu, cewa zai je duba wani aboki. Su biyar suka hau mota tun asuba, tafiyar sama da kilomita 200, da gurasa a leda. A filin wasa na Ahmadu Bello ya ce mutum ko juyawa ba ya iya yi. Muka tambaye shi yadda Pele ya taka leda. Ya ce gaskiya shi ba Pele ya fi kallo ba, 'yan bayan Raka yake kallo, yana addu'a kada a kunyata mu a gaban baƙi. Da Raka ta zura ƙwallonta ɗaya, hularsa ta tafi sama ba ta dawo ba, da kai a buɗe ya koma Kano, kakarmu kuwa da ta gan shi ba hula ta gane inda ya je.

A aikinmu na kwamfuta mun taɓa cin karo da yadda Amurkawa suke adana tarihin wasansu na besbol. Su ma sun yi zamanin da akawu da 'yan kasuwa ke buga wasa bayan tashi daga aiki, kamar ƙungiyar Knickerbocker ta New York da aka kafa a 1845, kafin Red Stockings ta Cincinnati ta fito fili ta biya dukkan 'yan wasanta albashi a 1869. Masu sa-kai a can suna bin tsofaffin jaridu shafi-shafi suna kwashe sakamakon wasannin wancan zamani suna zubawa a intanet, shi ya sa jikan jikan ɗan wasa zai iya ganin abin da kakansa ya yi a wata ranar Talata shekara 150 da suka wuce. Namu zamanin kafin sana'a ya ƙare ne a 1990 kawai, lokacin da aka ƙaddamar da lig na ƙwararru, aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North suka zama Pillars. Waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu suna nan a zaurukan Mandawari da Yakasai da Gwammaja, suna jin mu muna musu a kan Manchester.

Mun buɗe rumbun ajiya a kwamfuta, mun sa masa suna 1978. Da farko mun tsara shi yadda muka saba: kwanan wata, abokan karawa, sakamako. Sai muka ga labarin hula ba shi da gurbi, haka ma na gurasa da na ƙaryar da aka yi wa kaka, dole muka ƙara wurin ajiye murya. Yanzu muna da muryar Baffa ta kusan awa shida, da ta wasu dattawa uku da ya aike mu wajensu, ɗaya a Kurmi, biyu a Fagge. Na huɗun da ya ambata mun je mun tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa.

Wani lokaci dattawan sukan saɓa wa juna a kan wanda ya buga a wace lamba. Mun daina yanke hukunci a gabansu. Mukan rubuta abin da kowa ya faɗa da sunan unguwarsu, in mun sami jarida ko hoto mu ajiye a gefe.

Baffa ya dawo zaure da zafi ya shigo. Ranar Juma'ar da ta wuce ƙaramin ɗan yayanmu, mai shekara tara, yana sanye da rigar Real Madrid, ya tambaye shi ko da gaske ya ga Pele. Baffa ya juyo wajen da muke zaune ya ce, "Tambayi iyayenka, su ke da waya." Muka ce a'a Baffa, kai za ka faɗa masa. Ya gyara zama a kan buzu, ya fara daga riguna biyun da ya ɗinka.