Baƙon Koci da Masu Gida

Da zarar an fara raɗe-raɗin cewa Kano Pillars za ta ɗauko koci daga waje, hira a teburin mai shayi a Rano da gidajen kallo na Kibiya takan rabu gida biyu.

Masu maraba da baƙo suna da hujjarsu. A 2009, ƙarƙashin Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare ta. Dattawan magoya baya har yau da alfahari suke ba da labarin.

Ɗaya ɓangaren kuwa kofuna yake ƙirgawa. Sau huɗu Masu Gida, wato Pillars, suka lashe gasar ƙasa, kuma duk a hannun 'yan Najeriya: Kadiri Ikhana a 2008, Mohammed Babaganaru a 2012 da 2013, sai Okey Emordi a 2014. Bafaranshen nan Lionel Soccoia, wanda aka kawo a 2020, 'yan watanni ya yi ya kama gabansa.

Wanda ya saurara da kyau zai ji cewa fargaba ce ke iza gardamar. Tun faɗawar ƙungiyar zuwa rukuni na biyu a 2022, mai cikon kuɗin mota daga Kibiya zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata so yake ya ji ko ana biyan 'yan wasa kan lokaci, da kuma ko za a bar kocin, baƙo ko ɗan gida, ya kammala kaka guda.