Kuskure Suna Ya Tara

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun shekarar 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna da reshen da ya tafi Jos, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa ta Nijeriya. A kasuwa da tasha Hausa ce ta haɗa bakin jama'a, amma duk abin da za a sa a takardar hukuma, walau rahoton aiki, ko koke, ko tuhuma, da Turanci ake rubuta shi. Har yau haka abin yake, ko da yake harkar jirgin ta ja baya.

Saboda haka yaron da ya tashi a Zonkwa yana jin Jju, ko a Kwoi yana jin Hyam, sai ya koyi Hausa a kasuwa, sa'an nan ya tarar da Turanci a aji. To, a wannan harshe na uku akwai wasu 'yan kalmomi da masana nahawu ke kira bayanau, waɗanda ke nuna cewa an yi abu ba daidai ba. Yawancin masu rubutu ɗaya tak suka riƙe, watau "wrongly", suna jefa ta ko'ina, alhali kuwa kowace da nata nauyin.

A Hausa ba wanda ke rikita su. Kowa ya san bambancin wanda ya sa riga a baibai da wanda ya ɗauki rigar wani bisa kuskure, balle wanda ya ƙwace ta bisa zalunci. Turanci ma haka ya rarrabe.

A duba manomin citta a ƙasar Jaba ko Kachia. Idan ya tsaga cittarsa ya shanya, amma ba ta bushe sosai ba har ta yi funfuna, sai a ce "badly dried", watau aikin ne bai yi kyau ba. Idan mai sikeli ya rubuta nauyin da ba shi ne ba, wannan "wrongly" ko "incorrectly" ke nan; kalmomin biyu sun nuna lissafi ya kauce, amma ba su faɗi dalili ba. Idan ya ɗora wa wani buhun da ba nasa ba, yana zaton nasa ne, "mistakenly" ce ta dace, domin ita tana wanke zuciyar mutum. Idan kuwa aka ƙwace buhun ba da hakki ba, an shiga "wrongfully", kalmar da lauyoyi ke zuwa kotu da ita.

Inda abin ya fi tsanani shi ne a ofis. A ɗauka an ba ma'aikaci takardar tuhuma, aka ce ya yi bayanin yadda ya biya kuɗi ga wanda bai cancanta ba. In ya amsa da "mistakenly", ya ce ajizanci ne irin na ɗan Adam. In ya rubuta "carelessly" ko "negligently", ya amsa laifin sakaci da hannunsa. In kuwa ya ga "improperly" ta fi tsawo da daɗin ji ya ɗauke ta, to, ya shaida cewa ya keta ƙa'idar aiki, mai karatu ma yana iya jin ƙanshin rashin gaskiya. Takardar kuma fayil za ta shiga, ta jira shi ranar ƙarin girma. Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. A zamanin boko alƙalami ya taya shi.

Akwai kuma wasu tarkuna biyu. Na farko, "badly" ba kullum take nufin lalacewa ba: in aka ce "badly needed", ana nufin ana bukatar abin ƙwarai da gaske. Na biyu, Bature kan ce "it went wrong" in abu ya ɓaci, ba ya ƙara mata wutsiya. Amma in ana zancen wanda aka zarga ba da laifinsa ba, dole a ce "wrongly accused".

Nauyin gyara yana wuyan malamai, musamman waɗanda ake horarwa a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, domin su ne za su watsu cikin makarantun Kudancin Kaduna. Hanya mafi sauƙi ita ce malami ya fara tambayar ɗalibi da Hausa, ko da harshen gidansu: kuskure ne, ko sakaci, ko ganganci? In yaro ya amsa wannan, kalmar Turancin ba za ta gagare shi ba. Allah ya sa a dace, amin.