Kaka Ta Yi, Mu Fito Gayya

Jama'a, kaka ta yi. Ruwa ya ɗauke, acca ta nuna, masu citta sun fara haƙa. Ranar Asabar mu 'yan unguwa a nan Kafanchan muka fita gayya gonar wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, Musulmi da Kirista, yara na kai ruwa, iyaye mata na dama kunu.

Ba mu manta 2023 ba, shekarar da cuta ta ruɓar da citta a Kudancin Kaduna, kuɗin makaranta ya gagare mu. Maƙwabci ne ya rufa wa maƙwabci asiri. Don haka in an kira gayya, kada mu aiko da uzuri. Mu zo da 'ya'yanmu su gani su koya. Allah ya sa albarka.