Yadda hannun Xbox ya zubar min da girma a gaban ƙanena

1/ Jiya na ga wani yana kukan ya sayi sabon hannun gem, ko ƙwallo ɗaya ya kasa ci, wai zai mayar wa mai shago. Ɗan'uwa, dakata tukuna. Zauna in ba ka labarin yadda yaro ɗan shekara 12 ya yi min 5 da nema a cikin ɗakina. Zare ne 🧵

2/ A Kaura Namoda na tashi, a shagon gem na PS2 na yi wayo. Dokar shagon guda ce: wanda aka ci shi ke biya. Kuɗin tarana ba ya kai min wasa biyu, to dole na iya PES. Har ta kai in na shigo, yara na miƙo min hannu ba sai na tambaya ba.

3/ Duk wanda ya buga PES ya san tsarin. X ba da ƙwallo, bokis buga raga, O kurosin. Sama da shekara goma babban yatsana yana kan wannan. Ban taɓa tunanin wane maɓalli zan danna ba, yatsan ne ke zuwa da kansa.

4/ Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara. Ba kira, ba data, ba hira a WhatsApp. A lokacin ne gwaggona ta baro Birnin Tsaba ta dawo gidanmu da 'ya'yanta, saboda halin da ake ciki ta wajen Zurmi. Aka haɗa ni ɗaki da autanta.

5/ Yaron nan ba ya magana. Gaisuwa kawai, sai ya koma gefen katifa ya zuba wa bango ido. Da dare in babur ya wuce sai ya zabura. Na yi masa wasa, na yi masa tsokana, shiru.

6/ Ina da tsohuwar laftof da na yi karatu da ita a Poly, akwai FIFA a ciki. Na samo hannun Xbox 360 guda biyu na hannu, masu waya, don su kana sokawa a kwamfuta suke kamawa. Na ce bari in koya wa yaron nan gem. Ni ne fa malamin 😂

7/ Matsala ta farko: harafin X. A hannun PS yana ƙasa. A na Xbox yana hagu, inda bokis yake, A ce ta zauna a ƙasa. Allo ya ce danna X, in danna A. (A na Nintendo kuma X ɗin a sama yake. Kamfanonin nan ba su ji tausayinmu ba.)

8/ Ta biyu: a PS2 da kibiyoyi nake gudu. A Xbox, inda yatsana ya saba samun kibiya, analog aka dasa. 'Yan wasana suka koma tafiya kamar masu neman akuya a kasuwar Shinkafi.

9/ Amma ta ukun ce ta kashe ni. FIFA ta juya tsarin PES: na dama ke buga raga, na hagu ke kurosin. Sai in yanke 'yan baya, daga ni sai gola, in danna hagu da ƙarfi, ƙwallo ta tashi ta tafi wajen 'yan kallo.

10/ A tsaron baya ma haka. Maɓallin da nake riƙewa a PES don abokin wasa ya zo ya taya ni matsa, a FIFA shi ne kwasar ƙafa. Jan kati biyu a wasa ɗaya.

11/ Shi kuwa auta bai taɓa riƙe hannun gem ba, ba shi da abin da zai manta. Abin da na gaya masa ranar farko, shi ya riƙe. Kwana huɗu ya fara cina. Ranar 5 da neman nan ce na fara jin doguwar magana daga bakinsa: "Yaya, don mi kaka ba 'yan kallo ƙwallo? Wanga na dama shi ka bugawa."

12/ Sai ya yi dariya. Dariya sosai, har gwaggo ta leƙo daga tsakar gida ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa. Ba ta ce komai ba, ta saki labule ta koma.

13/ Zan faɗi gaskiya, abin ya yi min ciwo duk da haka. Da ya yi barci na shiga saitin, akwai tsarin da ke mayar da bugun raga hagu kamar na PES. Na canza nawa a ɓoye. Washegari na ci shi 3 da 1.

14/ Ya kalli yatsana, ya kalli allo. "Yaya, ka sake maɓalli ko?" Ba laifi ba ne, kowa na da damar saita hannunsa. Amma ni ne na ce masa haka ake yi, ya koya, ni kuma na gudu na bar shi. Na mayar a gabansa.

15/ Abin da ya taimake ni: na daina kallon haruffa, na koma cewa sama, ƙasa, hagu, dama. Kullum kafin mu fara sai in shiga filin atisaye in yi ta buga raga da na dama. Na kuma daina taɓa PES gaba ɗaya. Kusan mako uku yana cina kafin yatsan ya yarda.

16/ Bayan nan na kai shi tsohon shagonmu, in nuna masa inda yayansa ya yi suna. Aka miƙo min hannun PS, PES a kan allo. Minti na biyar, daga ni sai gola. Na danna O.

17/ Ƙwallo ta tafi wajen 'yan kallo. Ni na biya kuɗin wasan, na kuma saya wa auta awara don ya yi shiru. Kafin mu isa gida ya gaya wa mutum uku.