Maganar Da Aka Faɗa A Taron Masana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka, in gaya wa 'yan'uwana masu karatu wani abu da ya faru a gidanmu, wanda ya hana ni sukuni kwana da kwanaki.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ciwon sukari ya kama shekara shida ke nan, kullum yana shan ƙwayar da likita ya rubuta masa. Ran nan na tashi daga ofis na biya in gaishe shi, sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kai ɗan boko, karanta ka gani." Saƙo ne, wai an yi taron masana a Turai, wani likita ya tashi ya tabbatar da wani ganye yana raba mutum da ciwon sukari cikin wata guda. Kawu ya ce shi daga gobe ya bar ƙwaya. Na ce, "Kawu, don Allah a dakata tukuna." Ya ce, "Ka fi masanan Turai sani ne?"

Ban fi su ba ko kusa, ni akawu ne. Amma a ofishinmu, lissafin da na rubuta ba a ɗaukarsa ya tabbata sai mai binciken kuɗi ya zo ya bi shi layi-layi, ya gwada shi da rasit. Tun muna makaranta ma, malaminmu na lissafi ba ya karɓar amsa, ko da daidai ta ke, sai ka nuna hanyar da ka bi. To, abin da a ke karantawa a taron masana yawanci kamar lissafin nan ne kafin mai bincike ya zo. A kan ba mutum 'yan mintoci ya taƙaita aikin shekaru, sau da yawa ma aikin bai ƙare ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta bi sawun irin waɗannan taƙaitattun takardu sama da 300,000, ta ba da labari a 2018 cewa waɗanda aka buga cikakkunsu daga baya ba su kai rabi ba.

Wani taron kuwa suna ne kawai. A 2005 wasu ɗalibai uku na makarantar MIT a Amurka suka sa kwamfuta ta harhaɗa kalmomi masu nauyi ba ma'ana, suka aika wa wani taro a Orlando, aka karɓa. Abin dariya, abin kuka.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na masu gaskiya ne. Ran 23 ga Satumba, 2011, masanan wani gwaji mai suna OPERA suka tara 'yan'uwansu a CERN, babban gidan binciken nan na Suwizalan. Sun daɗe suna harba wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda a ke kira nutirino, masu ratsa dutse kamar ruwa a rariya, daga CERN zuwa Gran Sasso ta ƙasar Italiya, tafiyar kilomita kamar 730 ta ƙarƙashin ƙasa. Suka ce awonsu ya nuna ƙwayoyin sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na sakan ɗaya. Jama'a, ku dubi ƙanƙantar abin! Amma da ya tabbata, da ya rushe ƙa'idar da Einstein ya kafa tun 1905, watau ba abin da ya ke wuce haske gudu. Jaridun duniya suka ɗauka. Su kuwa masanan ba su ce sun kā da Einstein ba. Suka shimfiɗa hanyar lissafinsu duka a gaban taro, suka ce sun nemi kuskure sun rasa, a taya su nema. Cikin Fabrairu, 2012, aka gane wata igiyar da ta ke kai saƙo ga agogonsu ba ta ɗauru sosai ba. Cikin Maris wani gwaji dabam, ICARUS, a can Gran Sasso, ya auna, ya tarar ƙwayoyin ba su wuce haske ba. Manyan masana da yawa, igiya guda ta yaudare su wata biyar. Da ba su nuna hanyarsu ba, wa ya san ranar da za a kama ta?

Na koma wurin Kawu da wannan labari. Na tambaye shi sunan likitan nan, da mutum nawa aka gwada wa ganyen, ko kuwa ɓeraye ne aka ba. Muka duba saƙon tare, ba ko ɗaya a ciki, balle labarin wani da ya sake gwajin ya sami abin da aka samu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai ganye ba ya kisa. Na ce barin ƙwayar shi ne abin tsoro. Da ƙyar ya yarda muka tafi asibiti ran Talata, likita ya auna shi, ya ce ya ci gaba da shan maganinsa, kada kuma ya haɗa shi da wani abu sai ya zo ya tambaya. Har yanzu Kawu bai share saƙon ba, amma kowace safiya matarsa tana miƙa masa ƙwayar, yana sha.

Roƙona gare ka, Malam Edita, duk sa'ad da za ka buga mana labarin abin da aka faɗa a wani taro, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa, ka gaya mana ko an buga cikakkiyar takardar, ko kuwa tukuna. Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu