Koyon Zanen Fentin Mai ta Hanyar Kwaikwayo

Mai koyon zane da fentin mai yakan fara da kwaikwayon aikin gwani, kamar yadda almajiri ke bin rubutun malaminsa a allo. Haka Aina Onabolu, ɗan Ijebu-Ode, ya faro da hotunan mujallun Turawa, kafin ya tafi karatu Landan a 1920.

Matashin da ke koyo a Unguwar Kanawa, cikin Kaduna, galibi a waya ko a takarda yake ganin aikin gwanin. Yakan auna siffar, ya shimfiɗa launin jan ƙasa sama-sama, ya fitar da inuwa tukuna. Sai jira. Fentin mai kan yi kwanaki bai bushe ba, da hunturu kuwa dole a juya zanen ya fuskanci bango saboda ƙura. Hannuwa da ninkin rawani sun fi komai cin rai, kuma a nan ido ke koyon cewa inuwar farar riga ba baƙa ba ce, akwai shuɗi da ruwan toka a cikinta.

Amma kwaikwayo mafari ne kawai. A Zariya, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya don haɗa dabarun Turai da zanen gida.